Wutar lantarki a Wudil: an sayar da NEPA, mai saye bai samu zaɓi ba

Ranar 1 ga Nuwamba 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin da aka yanko daga tsohuwar NEPA. Dokar 2005 ce ta yi yankan: goma sha ɗaya masu raba wuta, shida masu samar da ita, sai guda ɗaya, TCN, mai riƙe da manyan layuka, wanda gwamnati ta ajiye a hannunta. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa rabon KEDCO. Alkawarin da aka yi wa jama'a shi ne idan 'yan kasuwa suka shigo za a yi gasa, gasa kuma za ta kawo wuta ta sauko da farashi.

Ba irin wannan kasuwar aka gina ba. A Ingila, tun 1999 magidanci na iya barin kamfanin da yake sayen wuta a wajensa ya koma wani, wayar gidansa ba ta canja ba, mitarsa ba ta canja ba, sunan da ke kan takardar biya kawai ke sauyawa. A jihar Texas ta Amurka haka ake yi tun 2002. A Najeriya kuwa an yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, kowane kamfani da yankinsa, ba mai shiga gonar wani. Mai walda a bakin titin Maiduguri cikin Wudil, da mai niƙa a lungu, da mai sayar da ƙanƙara ranar Juma'a a kasuwar shanu, duk kamfani ɗaya gare su, farashin kuma hukumar NERC ce ke yanke shi daga Abuja. A 2017 an fitar da ƙa'idar da ta yarda babban mai amfani da wuta ya sayi tasa kai tsaye daga tashar samarwa, amma an gindaya sharaɗin ya kasance mai jan megawat biyu. Wannan maganar manyan masana'antu ce irin na Sharaɗa da Chalawa, ba ta shafi mai shago ba.

Duk da haka mutumin Wudil yana zaɓe, kullum ma. Sai dai tsakanin wutar NEPA (har yau sunan da ake kiranta ke nan), da janareta, da sola, da kuma maƙwabcin da ya ajiye babban inji yana ja wa shaguna waya yana karɓar kuɗi da yamma. Kasuwar da doka ba ta buɗe ba, rashin wuta ya buɗe ta, kuma ba hukumar da ke sa mata ido.

Abubuwa uku ne suka hargitsa lissafin wannan zaɓi cikin shekara guda. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da ake canzawa kusan 460 a banki ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo. Sannan ranar 3 ga Afrilu 2024 NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A daga wajen naira 68 kowane yunit zuwa 225, daga baya aka sassauta zuwa 206.80, aka sake tsayar da shi a 209.50.

Maganar rukuni ita ce ta fi ɗaure wa mutane kai. Tun 2020 aka kasa masu sayen wuta gida biyar bisa awoyin da aka yi musu alkawari a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4. A takarda kamar an jera maka kaya ne, mai tsada da mai araha, ka ɗauki daidai aljihunka. A zahiri layin da ya biyo ta unguwarku shi ke zaɓa maka. In taransifomarku na kan layin da aka sa a rukunin A, za ka biya kuɗin A ko da ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya gare ka. In kuna rukunin D, ko za ka iya biyan ninki uku ba mai sayar maka da awa 20. Manyan ma'aikatu ma ba su tsira ba. A 2024 sai da aka yanke wa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil wuta saboda bashin da ya taru bayan ƙarin kuɗin, kuma jami'o'i da asibitocin koyarwa a sassan ƙasar sun yi irin wannan kukan.

To wanne ne mai arahar? Nan ne nake ganin mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin suna duba kuɗin yunit su manta da awoyi. Wutar ƙananan rukunai ita ce mafi sauƙi a takarda, saboda gwamnati ba ta janye mata tallafi ba. Amma tela mai aikin awa goma wanda aka ba shi awa huɗu, wani lokacin ma cikin dare, sauran shidan da fetur zai cike su. Ƙaramin janareta da kyar yake fitar da yunit biyu daga lita ɗaya. In lita tana naira 1,000, yunit ya tashi 500 ke nan, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa kuɗin makanike ba. Wato wanda ke rukunin A yana ta tsinuwa a kan 209, idan har ana ba shi awoyinsa, ya fi telan samun sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan "idan" ɗin dai shi ne tushen rigimar, domin kuɗin ba ya fashi, wutar ce ke fashi.

Wanda ya fi kowa biyan tsada shi ne wanda ba shi da komai. Yunit ɗaya na wuta ya isa ya cika batirin waya kusan sittin. Mutumin ƙauye da ya shigo kasuwa ya ba mai caji naira 50, ya sayi wuta a kan kusan naira 3,000 kowane yunit bai sani ba. Ba laifin mai caji ba ne, shi ma yana da haya da fetur da soket da ke ƙonewa. Haka tsarin yake: iya ƙanƙantar abin da kake iya saye lokaci guda, iya tsadarsa.

Sai kuma rashin mita. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi ba shi da hanyar gwada komai da komai, tunda bai san abin da ya sha ba. NERC ta sa iyaka ga ƙiyasin tun 2020, an kuma yi shirin raba mitoci kyauta a shekarar, amma har yanzu kusan rabin masu sayen wuta a ƙasar ba su da ita.

Sola ce ta ci ribar wannan ruɗani. Faɗuwar naira ta sa kayanta tsada, amma farashin farantan a Sin ya yi ta zubewa a daidai lokacin, fetur kuma ya fi su gudu. Arewa ba ta rasa rana ba. Manoman rani a bakin kogi, waɗanda injin ban ruwa ke cinye ribar tumatur da albasarsu, su ne suka fi kowa dacewa da ita, domin aikinsu da rana ne, ba sa buƙatar batir, batir kuwa shi ne wuyan aikin. Mai gida ko mai firjin sayar da ruwan sanyi dole ya ajiye wuta don dare. A nan ne araha ba ta ado: batirin ruwa mai sauƙin kuɗi, in ana zuƙe shi kullum cikin zafin Afrilu, shekara biyu zuwa uku ya gama, na litiyam kuma yana daɗewa amma kuɗinsa a dunƙule ake biya. Kasuwa ta cika da farantan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, da masu haɗawa da suka koyi aikin jiya. Idan inbata ta ƙone bayan wata uku, ba ofishin da za ka kai ƙara.

Watan Oktoba 2024 ya ƙara tura mutane. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai wanda ya biyo ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Abin ya tuna wa kowa cewa Kano a wutsiyar layi take: mafi yawan wutar ƙasar daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, saura daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma duk ƙasar megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa. Ko da an jera wa Wudil kamfanoni goma masu sayar da wuta, a wancan makon dukansu da hannu biyu za su zauna. Mutane kan huce haushinsu a kan yaron da ya zo da tsani zai yanke waya, kamar zomon da ke fushi da maratayi ya bar makashi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Masu komawa sola su ne masu ɗan hali, su ne kuma masu biyan bil a kan lokaci. Duk wanda ya fita, kuɗin da layin ke tarawa ya ragu. Layin da ba ya kawo kuɗi shi kamfani ke fara ɗauke wa wuta idan rabon ya yi kaɗan, kuma idan taransifoma ta ƙone, waɗanda suka rage ne za su yi karo-karo, alhali mai ba da kaso mafi tsoka ya daina damuwa. Kamfanin kansa ba ƙarfi gare shi ba: a Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar KEDCO saboda bashin masu hannun jarinsa, kafin sababbin masu zuba jari su shigo.

Kada kuma a ɗauka cewa yawan kamfanoni kaɗai magani ne. A 2021, da farashin gas ya tashi, kamfanoni kusan talatin masu tallar wuta mai araha suka durƙushe a Birtaniya, har da Bulb mai masu saye fiye da miliyan ɗaya da rabi. A Fabrairun 2021, lokacin sanyin da ya daskarar da Texas, masu sayen wuta daga kamfanin Griddy, waɗanda suka zaɓi farashin da ke bin kasuwa don ya fi sauƙi, sun ga yunit ya kai dala tara.

Doka dai ta motsa. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da raba ta, a Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar ikon kula da kasuwarsu a 2024, har hukumar Enugu ta sauko da kuɗin rukunin A zuwa naira 160 a 2025, abin da ya jawo cacar baki da masu samar da wuta a kan wa zai cike giɓin. Kano tana da nata jarin: tashar ruwa ta megawat 10 a Tiga, solar megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a Janairun 2023, da ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 tun 2019.

Ga garin da ya kai girman Wudil, mai jami'a da Kwalejin 'Yan Sanda da kasuwar da ke tara fatake daga jihohi, misalin da ya fi kusa shi ne na shagunan Kasuwar Sabon Gari da aka haɗa wa sola tun 2018, da na Zawaciki, inda wani kamfani ya kafa tashar megawat ɗaya ya jona ta da wayoyin KEDCO: rana ta ba da wuta da rana, layin gwamnati ya karɓa idan ya samu. Irin wannan tsari yarjejeniya ce ta ɓangare uku, mai tashar da kamfanin rabawa da al'ummar wurin, kuma kowane gida sai an sa masa mita. Farashin yakan fi na rukunin D, ya gaza na janareta. Wanda zai sa hannu a madadin unguwa ko kasuwa, ko mai unguwa ne ko shugaban 'yan kasuwa, ya kamata ya nemi a rubuta masa awoyin da aka yi alkawari, da lokacin da za a iya taɓa farashi, da kuma wanda zai sayi sabon batir idan na farko ya mutu.