Ƙwallo ko Kokawa? Tambayar da Iyaye Ke Mantawa da Ita

Wata Juma'a bayan la'asar na tarar da yayana da matarsa suna ja-in-ja a tsakar gida a kan ɗansu mai shekara 15. Yaron ya dawo daga filin unguwa da ƙwauri a kumbure, wani ya sa masa takalmi. Yayana tsohon ɗan kokawa ne, har yau walkinsa na ƙarƙashin akwati. Ya ce, "Ai ga irinta nan. Da kokawa yake yi, faɗuwa ɗaya ce a kan rairayi, ya tashi ya karkaɗe jikinsa." Matar ta ce, "Haba Malam, ka manta da yaron ƙauyenku da aka kayar ta ka, ya shekara a kwance? Ƙwallo ko ba komai ana cin abinci da ita." Suka yi ta yi har aka kira magariba. Abin da ya ɗaure min kai, babu wanda ya tambayi yaron a wane fili suke wasa, da su wa, kuma wane babba ne ke tsaye a kansu. A ganina nan maganar take.

Kokawa ba abin raini ba ce. A Nijar tun 1975, da aka fara gasar ƙasa a Tahoua, jihohi ke haɗuwa neman takobi, kuma sunaye irin su Kantu na Maradi da Salma Ɗan Rani na Dosso har yau suna bakin mutane. A bikin Argungu ma ana shiga fage. Tana gina ƙarfi, tana koya wa yaro ya sha kaye a gaban jama'a ya miƙe ya ba da hannu, kuma ba ta cin kuɗin uba. Haɗarinta ga matashi yana wajen haɗi. A kokawar zamani sai an ɗora kowa a sikeli, a haɗa shi da mai nauyinsa. A dandalin ƙauye kuwa ido ne sikeli, ga kiɗa, ga kirari, ga 'yan mata na kallo, sai yaro ya ji kunyar ja da baya ya tari wanda ya ninka shi. Yara biyu 'yan shekara 14 na iya zama ɗaya ya fara gemu, ɗayan ko murya bai sauya ba. Bakin ƙasusuwan matashi, inda tsawo ke fitowa, bai gama ƙwari ba, rauni a wurin na iya sa hannu ko ƙafa ta girma a karkace.

Faɗuwa ta ka ita ce babbar masifa. Idan aka kayar da yaro ya ce wuyansa na ciwo, ko hannuwansa sun mutu, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi cak, kada wani ya ce bari ya ja wuyan ya koma. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, a nufi asibiti. Garajen masu taimako na iya mayar da raunin da zai warke ya zama shanyewar jiki.

Ƙwallo kuwa rauninta ya fi yawa a ƙafa: targaɗe, gocewar gwiwa, karaya. Filayenmu su ne rabin matsalar, ga tsakuwa, ga fasassun kwalabe, ga mai takalmi yana karawa da mai ƙafa tsirara. Uwa ta tabbata an yi wa ɗanta rigakafin tetanus. Akwai kuma karon kai wajen tsallen ƙwallon sama. Yaron da ya bugu a ka ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, wasansa ya ƙare a ranar ko da bai suma ba, kuma sai likita ya duba shi.

Kafin a saki yaro ga ko wanne daga cikin biyun, a san lafiyarsa. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji yana cikin ganiyar ƙarfinsa ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, ana karawa da Angola, zuciya ce ta tsaya. Yaron da ke suma ko jin ciwon ƙirji in ya yi gudu, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, a kai shi a auna. Mai sikila kuma zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki na tayar masa da ciwo.

In karaya ta faru, a fara da hoton ƙashi. Ba ina zagin masu ɗori ba ne, gadon gidansu ne, amma ɗaurin da aka tamke da karare har jini ya daina gudu shi ke sa yatsu su yi baƙi, daga nan sai yankewa. Yatsun da suka yi sanyi, suka sauya launi, ko ciwon ya ƙi lafawa, a kwance a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Sai batun "ana cin abinci da ita". Gaskiya ne Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Holan a 2010, ya buga a Rasha da Ingila, ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014. Kowane yaro a filin unguwa ya san wannan labarin, kuma macuta sun san ya sani. Sai wani ya zo da jaka da hotunansa a filayen Turai, ya ce shi eja ne, a kawo kuɗin biza da na gwaji. A sayar da gona, a sayar da shanu, yaro ya ƙare a wata ƙasa babu kulob, babu kuɗin komowa. Iyaye su sani, dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da ba ƙwallo ba. Wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 16 salin-alin, a tambaye shi lasisinsa, a kai takardar gayyatar ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a tantance. Mai cewa a rage wa yaro shekaru ma a guje shi, domin tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu don gano shekaru. Kada kuma a yarda a cire yaro daga makaranta saboda alkawarin wani. Gwiwa ɗaya ce za ta goce, ƙwallon ta ƙare.

Ƙwaya kuwa ta shiga fage ta shiga fili. Tiramadol na rufe ciwo, yaro ya ci gaba da wasa a kan raunin da ya kamata ya zaunar da shi, ga jarabar da ke biyo baya, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Yaron da ya dawo daga wasa ido ja, baki ya bushe, yana zabura ba dalili, a binciki aljihunsa da abokansa.

Washegari na ja yayana muka je filin. Muka tarar da 'yan wasa sun kusa talatin, wasu magidanta ne ma a cikinsu, babu koci, babu ko bokitin ruwa, ga wani rami a gefen raga an cusa masa buhu. Ya tsaya ya yi shiru yana kallo. Bai hana yaron ƙwallo ba. Ya dai mayar da shi ƙungiyar makarantarsu, inda malamin wasanni ke raba su aji-aji, ya saya masa kariyar ƙwauri, ya ce Asabar da Lahadi kawai. Walkin kuma ya fito da shi ya shanya, wai in an yi kaka zai kai yaron ƙauye ya nuna masa yadda ake faɗuwa ba tare da an dafa ƙasa da hannu ba.