Allurar Insulin da Mai Juna Biyu: An Juya Maganar

A layin awon ciki, da an ce wa mace suganta ya hau, za a ɗora ta kan insulin, sai masu shawara su yi mata caa: kada ki yarda, allurar nan in an fara ba a dainawa, kuma tana taɓa jariri, gara ƙwaya ko a jiƙa miki maganin zaƙi. Abin haushin shi ne maganar a juye take.

Mabiya tamkar rariya ce tsakanin jinin uwa da na ɗa. Suga yana wucewa salin-alin, insulin kuwa ya yi wa ramukan girma. Abin da ke isa ga jariri, ashe, sugan nan ne da aka ƙi magancewa. Sai jikinsa ya shiga samar da nasa insulin, ya yi ta tara kitse har ya haura kilo 4, kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa ko a ƙare a ɗakin tiyata. Ana yanke cibiya kuma sugansa ya faɗi.

Ƙwayar da ake gani da sauƙi ita ce ke ratsa mabiya. Ba wai ƙwayar metformin guba ba ce. Binciken da aka wallafa a 2008 kan mata 751 a Ostireliya da Niyu Zilan bai ga ta fi insulin jawo wa jarirai matsala ba, sai dai kusan rabin masu shanta an ƙara musu da allurar. A Ingila akan fara da ita idan gyaran abinci da motsa jiki sun gaza, ƙungiyar ciwon suga ta Amurka kuwa insulin ta fifita. Ƙwayar Daonil da ake saya a kemis ba takardar likita, ita ta fi metformin da insulin faɗar da sugan jariri.

Batun ba a dainawa fa? Sinadaran mabiya ne ke hana insulin ɗin uwa aiki, saboda haka wadda ciki ya jawo wa ciwon galibi tana ajiye allura da ta sauka, a sake auna ta bayan arba'in.

Ni hukumomin lafiya na fi zargi. Gwajin shan ruwan suga da ya kamata a yi tsakanin mako 24 da 28, ƙananan asibitoci da yawa fitsari kawai suke dubawa su sallami mace. Wadda aka rubuta wa allurar kuma a bar ta da tsadarta da rashin wutar firji, ba mai gaya mata cewa kwalbar da aka buɗe tana kai mako 4 a wuri mai sanyi kamar gindin randa.