Ko Kun Sani? Tana Na Mayar Da Sharar Madafa Taki

Ɓawon ayaba, ganyen kabeji, tukar shayi da ragowar kayan miya duk abincin jar tana ne. Cikin wata 2 zuwa 3 takan mayar da su baƙin taki mai laushi, marar wari. Sai dai ba ta jure zafi: in ya haura digiri 35 tana iya mutuwa, ga shi a garuruwan Kanan Bakashe da Mayahi zafin bazara na wuce 40. Dabarar ita ce a zuba tanar da abincinta cikin tsohuwar randa mai huji a ƙasa, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa. Kada a sa gishiri, mai ko nama. Masu lambun rani, ku jarraba!