Ina Awa Biyun Alhaji Suka Shige?

A teburin mai shayi da ke Obalende aka fara gardamar, bayan dawowar alhazai a 2023. Wani dattijo mai sayar da hula ya ce a hajjinsa na farko awa biyar ya yi daga Legas zuwa Jidda, amma bana sai da ya kusa cika bakwai a sama.

"Baba, ai agogo ne ya rikita ka," in ji mai shayi. "Saudiyya ta fi mu da awa biyu."

Magana ce mai kama hankali. Sai dai Alhaji ya miƙo hannu, ya ce agogon nan bai taɓa shi ba tun da ya baro Ikeja, da shi kuma ya yi ƙirge. Batun agogo ya faɗi.

Wani ɗan acaba ya ce tsohon jirgi aka ba su. Na ce a zo a yi lissafi. Daga filin jirgin Murtala Muhammed zuwa na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 4,200 ne idan aka miƙe. Jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 850 a awa, wato awa biyar ke nan. Tsufan jirgi ko iska za su iya ƙara mintoci, amma awa biyu ta fi ƙarfinsu.

"Ko kun sauka wani gari shan mai, Alhaji?"

"Ko kusa. Amma yaron da ke gefena ya nuna mini taswira a ɗan allon kujera, ya ce muna kan Habasha."

Nan na ajiye kofi. Me ya kai jirgin Jidda Habasha? Duk wanda ya shimfiɗa zare daga Legas zuwa Jidda, zaren zai bi ta kan Chadi, ya ratsa Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya. Habasha tana can kudu da layin.

Amsar tana Khartoum. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Dole jiragen alhazan Najeriya suka yi kewaye, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya taɓu.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce kakansa da ƙafa ya bi ta Sudan ɗin. Gaskiya ne, nan ce tsohuwar hanyar mahajjata, har garin Maiurno da ke bakin Kogin Nilu mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ashe Jidda tana nan inda take, hanya ce ta toshe. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.