Ƙwai, Gammo da Hular Kwano

A makarantarmu mukan nuna wa yara wani gwaji. Mu saki ɗanyen ƙwai a kan daɓen siminti, nan take ya fashe. Mu saki wani cikin kwandon dusa, ko tsagewa ba ya yi. Daga tsayi ɗaya suka faɗo. Siminti ya tsai da ƙwan farat ɗaya, dusa kuwa ta lotsa, ta tsai da shi sannu sannu, ta shanye ƙarfin bugun.

Iyayenmu mata ma ba sa ɗaukar tulu sai da gammo, domin yana baza nauyin a bisa kai.

Hular kwano ta haɗa dabarun nan biyu. Ƙoƙonta mai tauri yana baza bugun, soson ciki kuma yana murƙushewa a maimakon ƙashin kai. Mu tuna, in gudun babur ya ninka sau 2, ƙarfin karo yakan ninka sau 4. Hular da ta taɓa shan mummunan bugu a canja ta, gama soson ba ya komawa yadda yake.

Maigida, kafin ka goya ɗanka a babur, ka sa masa hula daidai kansa, ka ɗaure igiyar haɓa. Ƙwai in ya fashe akwai wani a kasuwa, amma kan yaro ɗaya ne.