ALLURAR BAƘIN MAI A TSOHUWAR LAND ROVER: YAUSHE YA KAMATA HANKALIN DIREBA YA TASHI?

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a kan hanyarsa ta zuwa Gembu ya san tsohuwar Land Rover ba ta gama aikinta ba tukuna. Har yanzu ana ganinsu ɗauke da mutane da buhunan masara, alhali da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Mafi yawansu samfurin da a ke kira Series III ne, wanda kamfanin ya ƙera daga 1971 zuwa 1985, mai inji da ya ɗara lita biyu da kwata kaɗan, irin wanda aka fara sa wa motar tun 1958. Injin nan yana da haƙuri ƙwarai. Yana jure ƙura, yana jure lodi, yana jure direba mai ganganci. Abu ɗaya ne ba ya jurewa ko na minti biyu, shi ne yankewar baƙin mai.

To, a nan ne gardama ta ke tsakanin masu motoci da makanikai. Mutum ya tayar da mota da asuba ya ga allurar agogon mai ta haura 60, ya yi murna. Da azahar, bayan ya sha tafiya, ya tsaya a tasha inji yana silo, sai ya ga ta faɗo 20, gabansa ya faɗi, ya fara lissafin kuɗin garambawul. Sau da yawa murnar da fargabar duk ba su da tushe.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, agogon nan ba yawan mai ya ke aunawa ba. Wannan aikin sandar geji ne. Agogo yana auna ƙarfin da famfo ke tura mai da shi ne. Famfon yana zuƙo mai daga kaskon da ke ƙasan inji ta cikin rariya, ya bi da shi ta filta, sa'an nan ya cusa shi tsakanin karankishaf da mital ɗin da ya ke juyawa a kansu. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Saboda ƙuncin wurin ne mai ke turjewa, turjewar kuwa ita ce allura ke nunawa. Kamar tiyon ban ruwa ne: ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya yi tsiri, ka saki ya zuba salalo. In mital ya cinye, tazara ta buɗe, mai ya sami hanya, allura ta sauka. Haka kuma in mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya riƙa wucewa da sauƙi, allura ta sauka ba tare da komai ya lalace ba.

Littafin gyara na kamfanin ya ba da adadi a kan Series III: fam 35 zuwa 65 a kan kowane inci murabba'i, inji da ɗumi, yana juyi 2,000 a minti. Wanda agogonsa ke da ƙananan lambobi, irin na kilo ko na ba, sai ya sani kowace lamba ɗaya kimanin fam 14 ce, watau daga biyu da rabi zuwa huɗu da rabi ke nan. Mai karatu ya lura da kalmar ɗumi. Awon safiya ba shaida ba ne, domin mai in ya kwana kauri ya ke yi, musamman da hunturu, har inji da ya gama gajiya ma sai ya nuna 60. Abin da ke hana allura wuce gona da iri a lokacin kuwa wani ɗan bawul ne mai sifirin a jikin famfo, wanda ke buɗewa ya mai da rarar mai cikin kasko.

Awo na gaskiya sai an yi tafiyar rabin sa'a. A nan tsohon inji mai lafiya kan riƙe 40 zuwa 50 a kan hanya, in an tsaya yana silo ya sauko wajen 15 zuwa 25. Wannan saukar ba ciwo ba ce. Makanikai na da wani ma'auni na kusa-kusa, cewa kowane juyi dubu yana bukatar aƙalla fam goma. Muddin allura tana tashi nan take da an taɓa totur, ta kuma tsaya cik a inda ta kai, motar tana da sauran shekaru a gaba. Na fi amincewa da injin da ke nuna 15 a silo shekara da shekaru bai canja ba, a kan wanda ya nuna 30 a watan jiya, yau kuma 18.

Alamun da ya kamata su tsai da direba daban su ke. In ana tsakiyar gudu allura ta riƙa sauka a hankali har ta yi ƙasa da 25, akwai magana. In tana rawa a kan kwana, ko wajen hawan dutse, ko in an taka burki, to mai ne ya yi ƙasa a kasko, famfo yana zuƙar iska. A hawa irin na Mambila, inda mota ke karkata tana nishi da ƙaramar giya, lita ɗaya da ta ragu tana iya jawo wannan. In kuwa saukar allura ta haɗu da ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, sai a kashe shi a nan inda a ke, ko da a tsakiyar daji ne. Kuɗin jan mota bai kai kuɗin karankishaf ba.

Da yawa daga motocin nan ma ba su zo da agogo ba, sai fitila kawai, wadda a Land Rover ta wancan zamani koriya ce, ba ja ba. Wannan launi ya yaudari baƙin direbobi da su ka saba ganin kore alamar lafiya. Fitilar ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗo ƙasa da fam goma, saboda haka in ta kama ana cikin gudu, kusan ihu ne bayan hari. Ƙyaftawarta a silo da zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri gargaɗi ne, a bincika cikin mako, kada a ce sai baɗi.

Amma kada makanike ya yi saurin sauke inji. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A cire suwic ɗin fitila a ɗaura agogon gwaji na hannu, domin agogon lantarki da ya tsufa yana ƙarya. A shinshina sandar geji: in mai yana warin fetur, kuma ya ƙaru maimakon ya ragu, to fatar famfon fetur ce ta yage tana zubawa cikin kasko, mai ya tsinke. A duba irin man da aka zuba, gama injin nan da mai kauri irin 20W-50 ya saba, ba irin na motocin zamani mai kama da ruwa ba. A sauke kasko a wanke rariya, a duba sifirin ɗin bawul. Sai duk waɗannan sun fita daga zargi sa'an nan a taɓa mital.

Mai niyyar sayen irin motar nan kuma ya kiyayi cinikin biri a sama. Akwai dillalan da kan zuba man giya ko wani ruwa mai danƙo cikin inji don allura ta tashi, ƙwanƙwasa ta lafa har a gama ciniki. Man giya yana da wari mai hawa kai wanda hanci ba ya ɓatansa. Mai saye ya nemi a yi juye a gabansa da man da shi ya sayo, ya tuƙa motar har ta yi zafi sosai, ya kashe ta minti biyar, sa'an nan ya sake tayarwa yana kallon koriyar fitilar. In ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku, a ci gaba da magana. In ta daɗe tana ci inji yana kaf-kaf, sai a cire kuɗin garambawul daga farashin kafin a ce an sallama.