Tsufa a Jado: Dabino da Zuri'a a Madadin Gidan Ritaya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai unguwannin da ake ginawa musamman domin waɗanda suka yi ritaya, wato suka ajiye aiki saboda shekaru, kamar Sun City ta jihar Arizona da aka buɗe ranar 1 ga Janairun 1960, inda dattawa ke zama da tsararrakinsu nesa da 'ya'ya da jikoki. Babu irin wannan tsari a Jado, dausayin da ke arewa maso gabashin jihar Agadas cikin gundumar Bilma, domin a can iyali da gonar dabino ne ke ɗaukar nauyin wanda ƙarfinsa ya ƙare.

Tsohon birnin Jado, wanda Barebari suka zauna a cikinsa kafin hare-hare da zazzaɓin cizon sauro su tilasta musu ƙaura, ya zama kango, kuma mazauna yankin a yau, waɗanda akasarinsu Tubawa ne, sun fi taruwa a ƙauyen Shirfa. Abin da bai mutu ba shi ne dabinon, wanda iyalai da dama da ke yawon kiwon raƙuma suke dawowa dominsa duk shekara idan lokacin girbi ya yi.

Fahimtar matsayin dattijo a wannan wuri tana buƙatar sanin halin itacen kansa. Dabino yana da namiji da mace, saboda haka manomi kan hau bishiya ya cusa reshen furen namiji a cikin na macen domin 'ya'ya su yi yawa, aikin da ake kira barbara. Ana kuma samun sabuwar bishiya ne ta hanyar cire ɗan tsiron da ke fitowa a gindin uwa a dasa shi, a jira shekaru kafin ya fara haihuwa, sannan ya ci gaba da ciyar da gida har bayan ran mai dashen. Mutumin da ya dasa yana saurayi yakan ci moriyarsa da furfura, ya aurar da 'ya'ya da shi, ya bar shi gado. Shi ne fanshonsa, kuma da shi da tarbiyyar zuri'a ake auna abin da ya cimma a rayuwa. Ga dattawan ne ake komawa idan rigima ta tashi kan mallakar wata bishiya, tunda su suka san wanda ya dasa da wanda ya gada.

Gano zinariya a yankin a 2014 ya janyo dubban baƙi tare da ɗauke hankalin samari daga gona, kafin gwamnati ta rufe wuraren haƙar a 2017. Fanshon hukuma kuwa ma'aikatan albashi yake amfana, bai san makiyayi ko manomin dabino ba, ga kuma nisan ɗaruruwan kilomita na hamada tsakanin tsoho marar lafiya da babban asibitin Agadas, wanda shi ne rauni mafi tsanani a wannan tsari mai kyau.

Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016. Ya kamata hukumomin jihar Agadas da na Yamai su fara aiki da manufarta a Shirfa, ta hanyar tura ma'aikatan lafiya da magunguna a lokacin girbin dabino, sa'ad da iyalai da dattawansu ke haɗuwa wuri ɗaya.